Bargon Matar Mahaƙi a Farfajiyar Mai Kwal

A wata Asabar ta ƙarshen watan Agusta, ina tsakiyar wani ɗan gajeren kwas na aikin jarida a birnin Newcastle da ke arewa maso gabashin Ingila, dattijuwar da nake haya a gidanta ta ce in shirya in raka ta ƙauye kallon barguna. Na ɗauka kunnena ne bai ji daidai ba. Wanda ya tashi a Kano ya san bargo a matsayin abin da ake zaƙulowa daga ƙasan akwati idan hunturu ya kama, a mayar da shi da zarar bazara ta leƙo. Ban taɓa jin an biya kuɗin mota da kuɗin ƙofa don a je a tsaya a gabansa ba. Amma baƙo ba ya jayayya da mai masauki, sai na ɗauki rigar sanyi muka fita.

Wurin da muka je irin tsofaffin gidajen nan ne na manyan masu ƙasa, waɗanda ake ginawa a tsakiyar gona nesa da hayaniyar gari. Daga ƙofar ƙarfe zuwa ainihin ginin tafiya ce mai ɗan tsawo a ƙarƙashin itatuwa, tumaki na kiwo dama da hagu. An kakkafa fararen tantuna a kan ciyawar farfajiya. Ga mai saƙa kwando, ga mai sassaƙa akushi da cokali, ga wata tana kaɗi da gashin tumaki, ga masu sayar da zuma da gurasa. Bargunan kuwa suna cikin tsohuwar bargar dawaki da wani dogon ɗaki na dutse, an rarrataye su layi-layi kamar shanya, kowanne da 'yar takarda a gefensa. Ba a taɓawa. Idan kana son ganin bayan bargo, sai ka kira ɗaya daga cikin matan da ke zagayawa sanye da farar safar hannu ta ɗaga maka gefe.

Abin da Turawa ke kira kwilt ba shi da takamaiman suna a bakinmu, don haka bari in fasalta shi. Shimfiɗa uku ce ake haɗawa: yadi a sama, yadi a ƙasa, auduga ko gashin tumaki a tsakiya. Sai a ɗaure su a jikin wani katako mai kusurwa huɗu, a bi da allura da zare ana huda dukkan ukun da ƙananan ɗinki, dubbai a kan dubbai, har su zama abu guda. Ɗinkin ne ke hana audugar taruwa wuri ɗaya, kuma shi ne adon. Wani lokaci yadin saman guda ɗaya ne lafiyayye, zanen allura kaɗai ake gani a jikinsa. Wani lokaci kuma ƙyallaye ne aka yanka aka harhaɗa su suka ba da siffar taurari ko murabba'ai. Sana'o'i biyu ne ke nan, haɗa ƙyallaye da cusa auduga a ɗinke, ko da yake yau an fi ganinsu tare.

Da na fahimci haka sai na ga ashe na san abin tun ina yaro, suna ne kawai ya sha bamban. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah ya ga 'yan lifida, su da dawakinsu cikin kauri kamar an naɗe su da katifa. Lifidi wannan dabarar ce ba wata ba: yadi biyu, a cusa auduga, a ɗinke, don kibiya ta shiga ta rasa ƙarfi. Mayaƙan Turai ma sun sa irin wannan riga a ƙarƙashin sulke ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Dixon Denham, wanda ya isa Borno a 1823, ya koma gida da zanen barden Bagarmi cikin lifidi, kuma a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai lifidin doki da aka kwaso daga Sudan a zamanin yaƙin Omdurman na 1898. Wato mu mun riƙe dabarar a fagen fama da fagen hawa, su kuma ta ƙare musu a kan gado.

Na shiga ɗakin nan da wani zato wanda na tarar yawancin masu kallo ma da shi suka zo: cewa wannan sana'a ce da talauci ya haifa, matan da ba su da kuɗin sabon yadi suka tattara tsummoki suka yi abin rufa. Labarin yana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinsa, amma daga tsakiya ya faro.

Mafi tsufan bargunan haɗin ƙyalle da suka rage a Ingila daga gidajen masu hali suka fito. A gidan Levens Hall da ke yankin Cumbria akwai wani wanda tarihin gidan ya ce an ɗinka shi wajen 1708, kuma ƙyallayensa na yadin Indiya ne mai zanen furanni, wanda a lokacin sai wane da wane ke iya saye. Akwai wani na siliki da aka ɗinka wa shekarar 1718 a jikinsa tare da haruffa biyu na sunan mai shi, yanzu yana hannun ƙungiyar masu wannan sana'a ta Birtaniya. Matar da za ta zauna watanni tana yanka siliki tana naɗe kowane ƙyalle a kan takarda kafin ta ɗinka, ba ita ce ke fita neman abin sawa a bakin salati ba. Tana da yadi, tana da takarda, tana da hasken kyandir, kuma tana da lokaci, wanda ya fi dukkansu tsada.

Yadin Indiya ɗin nan ma yana da nasa rikicin. Tun da aka kafa kamfanin cinikin gabashin Indiya a 1600 ya fara shigowa, har ya kai ga masu saƙar ulu da siliki na Ingila suka ga kasuwarsu na neman mutuwa. Suka matsa wa majalisa lamba, ta yi doka a 1700 ta hana shigo da yadin auduga mai zane, ta ƙara wata a 1721 ta hana ma sawa da amfani da shi. Ba a janye hanin ba sai 1774. Saboda haka wanda ke da ragowar irin wannan yadi a gida ba zai yar da ko da tafin hannu ɗaya ba. Tattalin ƙyalle ya fara ne daga tsadar yadin, tun kafin ya zama tattalin mai babu. Mu da muka ga yadda Najeriya ta sha hana shigo da atamfa don kare masaƙun Kaduna da Kano, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu, sai dai su nasu hanin ya ba masana'antunsu damar miƙewa.

Miƙewar ce ta sauko da bargon daga benen attajiri zuwa ɗakin lebura. Injinan kaɗi da saƙa na Lancashire suka riƙa fitar da yadi mai araha, har matar ma'aikaci ta iya sayen ƙyallaye a kan awo, ko ta yanki sabon yadi a kanti. Amma arahar nan wani ne ya biya ta. Zuwa 1860, fiye da kashi uku cikin huɗu na audugar da Birtaniya ke sarrafawa daga kudancin Amurka take zuwa, inda bayi kusan miliyan huɗu, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka, ke ƙarƙashin bulala. Na tsaya a gaban wani bargo ja da fari na ƙarni na 19, takardar gefensa ta faɗi irin rinin, ta faɗi ƙauyen, ta faɗi adadin ɗinki a kowane inci. Ba ta ce komai ba game da hannun da ya tsinko audugar. Ban ga alamar mugun nufi a wurin waɗanda suka rubuta ba. Abin da suka saba tambaya ne kawai bai kai can ba.

Yankin da muke, wato Durham da Northumberland, ya yi suna ne da bargon yadi guda, ko kuma mai dogayen layuka masu launi biyu. A nan gwanintar duk tana cikin zanen: gashin tsuntsu mai lanƙwasa, igiya mai murɗe, fure a tsakiya. Sai haske ya faɗo a karkace sannan za ka ga abin da aka yi, kamar yadda aikin allura a kan farar babbar riga ba ya bayyana sai an matso. Kuma ba mata kaɗai suka yi ta ba. Sanannen mai wannan sana'a na farko da tarihin yankin ya riƙe namiji ne, Joseph Hedley, tsohon tela da ke zaune shi kaɗai a wata bukka kusa da ƙauyen Warden. A watan Janairun 1826 aka tarar da gawarsa an yi masa kisan gilla, ana zaton saboda jita-jitar cewa ya tara dukiya, alhali ba shi da komai. Ba a taɓa kama wanda ya kashe shi ba. Da ba don wannan mummunan ƙarshe ba, da wuya a ce sunansa ya kai yau, domin labarin kisan ne jaridu suka buga, ba aikin hannunsa ba. Gidan tarihi na Beamish ya sake gina kwatankwacin bukkarsa a 2018.

A kwarin Allendale kuma wata sana'ar ta tsiro daga cikin sana'ar. Wani mai kanti, George Gardiner, ya shahara wajen zana fasalin a kan yadi da shuɗin fensir, mata su saya ko su aiko da nasu a zana musu, su je gida su bi layin da allura. Almajirarsa Elizabeth Sanderson, wadda ta rayu daga 1861 zuwa 1934, ta fi shi suna, har akwai wani fasalin tauraro da ake kira da sunanta. Ta horar da 'yan mata da dama, ta kuma ci abinci da basirarta a zamanin da hanyoyin samun kuɗi ga mace a ƙauye ba su da yawa.

Sai dai inda labarin ya fi kama ni shi ne ƙauyukan mahaƙan kwal. A nan dattijuwar da ta kawo ni ta daina zama mai rakiya ta koma shaida, domin kakarta ta yi wannan rayuwa.

Gidan da mahaƙi ke ciki na kamfanin ma'adinin ne. Aikinsa ne ya ba shi ɗakin, kuma idan aikin ya yanke, zaman iyalinsa ya shiga haɗari. Ramin kuwa ba ya jin tausayi. A Hartley, a 1862, mutum 204 suka mutu bayan da ƙarfen injin ya karye ya toshe hanya ɗaya tilo ta fita. A West Stanley, a 1909, fashewa ta kashe 168. Waɗannan su ne manyan da aka rubuta. Na yau da kullum, mutum ɗaya da dutse ya danne, wani da ƙura ta cinye wa huhu, ba su da iyaka. Kowannensu ya bar mace da 'ya'ya. Abin da da yawa daga cikin matan nan suka yi shi ne buɗe abin da, da a gida ne, da mun kira shi adashin bargo. Mace za ta bi gida-gida ta samu maƙwabta su shiga, kowa ya riƙa ba ta ɗan abin da aka yanka duk mako, sau da yawa sule guda. Da kuɗin take sayen yadi da auduga, abin da ya ragu shi ne ladanta. Ita kuma tana ɗinkawa ɗaya bayan ɗaya, ana bin layi ko ƙuri'a, har kowa ya karɓi nasa. Masu zubi sun samu bargo ba tare da sun fitar da kuɗi a dunƙule ba, ita kuma ta samu abin da za ta riƙe gida ba tare da ta je ta miƙa hannu ga hukumar agajin matalauta ba.

Ladan bai taka kara ya karya ba. Katakon ɗinkin yakan cinye rabin ɗakin zama, 'ya'ya mata na zura zare a allurai suna jerawa don kada uwar ta tsaya, ita kuma tana sunkuye daga safe har fitila ta ƙare. Saboda ana sauri, ɗinkin bargon adashi ya fi faɗi, zanensa ya fi sauƙi, kuma masu tara kayan tarihi sun daɗe suna yi masa kallon na baya. A wurin baje kolin ma na lura an fi cincirindo a gaban masu ƙananan ɗinki. Ni dai a ganina wannan ma'auni ne na wanda bai taɓa ɗinki da yunwa a bayansa ba. Faɗin ɗinkin nan shi ne lissafin kwanakin da suka rage kafin mai zubi na gaba ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Yanzu mai karatu ya dubi inda aka rataye waɗannan barguna. Manyan gidajen wannan yanki da yawansu da kuɗin kwal aka gina su ko aka faɗaɗa su. Iyalan Lambton, da Liddell, da Londonderry, ƙasarsu ce ake haƙawa, kuma su ke karɓar riba. A yajin aikin 1844 an fitar da iyalan mahaƙa daga gidajen kamfani aka zubar musu da kaya a bakin hanya, Lord Londonderry kuma ya gargaɗi 'yan kasuwar garinsa na Seaham kada su ba masu yajin bashi. Ƙasar da aka rarake ba ta bar masu ita ba: ramukan da ke ƙarƙashin fadar Lambton sun sa ginin ya tsattsage a tsakiyar ƙarni na 19, gidan Ravensworth na iyalan Liddell kuwa zaftarewar ƙasa ta lalata shi har aka rushe mafi yawansa a farkon shekarun 1950. A takardar da aka ba mu a ƙofa, an rubuta cewa dukiyar masu gidan da muke ciki ta samo asali ne daga noma da ma'adinai. Jimla ɗaya ce, ba a ƙara ba.

Karo na farko da bargon matar mahaƙi ya shiga ɗakin masu hali shi ma wahala ce ta kai shi. Bayan yajin aikin 1926, wanda mahaƙa suka shafe kusan wata bakwai a cikinsa suka koma ba tare da nasara ba, ƙauyukan Durham da kudancin Wales suka faɗa cikin matsanancin rashi. Wata hukumar raya sana'o'in karkara ta tura Mavis FitzRandolph a 1928 ta zagaya ta nemo matan da suka iya, aka ba su yadi mai kyau, aka sa musu sharaɗin inganci, aka riƙa kai aikinsu Landan ana sayar wa manya, har da babban otal ɗin Claridge's. Shirin ya taimaki gidaje da dama, ya kuma ɗaga darajar aikin, amma ɗanɗanon mai saye ne ya riƙa yanke launi da fasali. Yaƙin duniya na biyu ya kawo ƙarshensa a 1939. Littafin da FitzRandolph ta fitar a 1954 shi ne ya adana yawancin abin da aka sani game da matan adashin, domin ta zauna da su ta tambaye su tun suna raye.

Bayan yaƙi abubuwa biyu suka kama hanyar mutuwa a lokaci guda. Bargon kanti ya yi araha, mata sun samu aiki a masana'antu, 'yan mata kuma ba sa son abin da ke tuna musu da kuncin iyayensu. An sha shimfiɗa tsofaffin barguna a ƙarƙashin katifa ko a rufe injin mota da su. Manyan gidajen su ma harajin gado ya kai wani matsayi da magada ba sa iya biya, ma'aikatan da ke hidimarsu sun watse, aka riƙa rushe su da ɗaruruwa. Waɗanda suka tsira sun tsira ne ta hanyar buɗe ƙofa ga jama'a. Mai gidan Longleat ya fara karɓar kuɗin shiga a 1949, a 1966 har zakuna ya zuba a gonarsa don jan 'yan kallo. Sauran suka bi sahu da shagon shayi, da bikin aure, da baje koli irin wanda na je.

Farfaɗowar bargon kuwa daga Amurka iskarta ta kaɗo. A 1971 gidan zane na Whitney da ke New York ya rataye tsofaffin barguna a bango kamar zanen manyan masu fasaha, mutane suka fara yi musu wani kallo dabam. A Birtaniya aka kafa ƙungiyar masu sana'ar a 1979, kuma a 1984, shekarar da mahaƙa suka shiga yajin aikinsu na ƙarshe mai tsawo, aka ba Amy Emms, wadda ta gaji ɗinkin Durham daga mahaifiyarta, lambar girmamawa ta masarauta. Kafin a cika shekara goma ramukan kwal na Durham duk an rufe su. Kada a ɗauka farfaɗowar ta tsaya da ƙafafunta sosai: gidan tarihin barguna da ƙungiyar ta buɗe a York a 2008 ya rufe a 2015 saboda rashin kuɗi. Waɗanda na gani a tantunan nan yawancinsu sun manyanta, kuma sababbin bargunan da suka ci kyauta da yadi mai tsada aka yi su, wanda aka saya musamman don a yayyanka. Abin ya koma inda ya faro a 1718, hannun mai yadi da lokaci.

Haka aka wayi gari jikokin mahaƙa ne ke biyan kuɗin ƙofa da ake gyara rufin gidan mai kwal da shi, su shiga bargar dawakinsa su kalli aikin kakanninsu. Na faɗa wa dattijuwar wannan tunani ina tsammanin za ta nuna ɗaci. Ta yi dariya ta ce ita dai ta ji daɗin shigowa ta babbar ƙofa, domin a zamanin kakarta ko ta baya sai da dalili.

A ƙarshen dogon ɗakin akwai wani bargo mai layuka ruwan hoda da fari, gefensa ya ɗan zare, an wanke shi har launin ya koɗe. Takardarsa ta ce an yi shi a wani ƙauyen mahaƙa a tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, ba a san wadda ta ɗinka ba. Dattijuwar ta daɗe a gabansa. Ta kira mai farar safar hannu ta ɗaga mata gefe, ta sunkuya tana duban yadda aka naɗe bakin, sannan ta miƙe ta ce ba hannun kakarta ba ne, ita takan yi layi biyu a baki. Na tambaye ta nawa ne a cikin bargunan kakar suka rage a danginsu. Ta ce ko ɗaya. Duk wanda aka sauke daga katako da mai shi, ranar ake naɗe shi a kai masa, su kuma yaran gidan da tsofaffin rigunan sanyi suke rufa. Ta duba agogo ta ce mu hanzarta, motar ƙarfe biyar ita ce ta ƙarshe.